Ƙyauren da Bai Buɗe Ba

Shekara ashirin da bakwai ke nan, duk wanda ya gama digirin digirgir a cibiyar binciken nan, Eilert Bruhns ne ke yi masa hular da zai sa a ranar kare kundinsa. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma a cikin takardar aikinsa aka rubuta ba. Aikinsa na gaskiya kula da injin shimfiɗa ƙarfe ne a hawan ƙasa. Amma tun da ya yi ta farko ta yi kyau, sai abin ya zama nasa. Baƙin kwali yake yankawa, murabba'i a sama da tuntu a gefe, sannan abokan ɗalibin su sauko su gaya masa abin da za a liƙa a kai: duk wautar da mutum ya tafka a shekarunsa, duk abin da ya fasa, duk abincin da ya addabi ofis da warinsa. Akwai wanda aka ɗora wa ƙonanniyar waya, akwai wadda aka ɗora wa ɗan keke mai taya ɗaya don ta taɓa faɗawa kwata da shi. Hular ba ta rufa wa kowa asiri, shi ya sa ake son ta.

Ta Wiebke Oltmanns ce a gabansa yanzu, saura sati uku ta kare kundinta.

"Tozon ne zai hau tsakiya," in ji Malte, wanda suke ofis ɗaya da ita. Ya ɗare kan teburin Eilert ba wanda ya ba shi wuri. "Ka lanƙwasa shi da wayar tagulla, ƙato, yadda na bayan ɗaki ma zai gani. Sai 'yan guguwa a kewaye. In za ka iya sa su juya, ka gama mana komai."

"Ku dai ba ku da aikin yi," in ji Eilert.

"Mu ne ba mu da aikin yi? Wa ya sa wa hular bara injin hayaki har ƙararrawar gobara ta tashi?"

"Sauka min daga tebur."

Malte ya sauka yana dariya, sai da ya kai ƙofa ya juyo. "Af, sai gutsuren samfurinta na ɗari da sha huɗu. Ai akwai ragowa a kabad ko? Ka liƙa shi a gaba kamar lambar soja. Shi ya ba ta digirin, ya kamata ya sha tafi."

Eilert ya ce to. Ya jira ƙarar takalmin ta ɓace a matakala, sannan ya ajiye almakashin.

Abin da ake nema a cibiyar ba shi da wuyar faɗa, yin sa ne wuya. Ana ɗaukar ɗan fallen silikon kamar farcen babban yatsa, a shimfiɗa masa ƙarafa hawa-hawa, kowane hawa siririn da ido ba ya gani. In an dace da haɗin, maganaɗisun da ke ciki yakan murɗe nan da can ya zama 'yan guguwa ƙanana, waɗanda masana ke kira skirmiyon. Kowace ɗaya za ta iya riƙe ɗigon bayani guda, akwai ko babu, kuma saboda ƙanƙantarsu ana sa ran wata rana ajiyar da ke cika ɗaki ta koma aljihu. Sai dai ajiyar da ba ka iya karantawa ba ta da amfani. Aikin Wiebke ke nan: ta saki lantarki ya bi ta cikin fallen, ta auna yadda yake karkata gefe, na'ura ta zana layi. In babu 'yan guguwa, layin ya hau salin-alin ya kwanta. In suna nan, sai ya yi tozo a tsakiya. Tozon Wiebke shi ne mafi girma da aka taɓa gani a ginin, kuma a samfuri ɗaya tak ya fito, na ɗari da sha huɗu, wanda Eilert ya shimfiɗa da hannunsa.

Ya tuna ranar sarai, don ranar haihuwarsa ce, wata Juma'a cikin Maris, shekara uku da suka wuce. Mai ranar haihuwa shi ke kawo kek, a ci da ƙarfe uku a ɗakin gahawa, kuma matarsa Gesa ta gasa masa faranti biyu na mai man shanu da sukari a sama. Shimfiɗa huɗu sun riga sun sauka a kan fallen, saura ta biyar, wadda suke kira mayafi: ɗan siririn ƙarfen tantalam mai kaurin nanomita uku da ke rufe sauran don kada iska ta ci su. Kowane ƙarfe a cikin injin yana da ƙyaurensa, wani faifai da ke kaucewa in lokacinsa ya yi, kuma na biyar ɗin ya daɗe da taurin kai. Eilert ya san halinsa kamar yunwar cikinsa. Ƙa'idarsa, wadda ya koya wa ɗalibai sama da arba'in da tsawa, ita ce ka danna maɓalli, ka kafa ido a 'yar tagar gilashi, kada ka motsa sai ka ga ƙyauren ya kauce hasken ya faɗa kan fallen. In ya maƙale, ka ƙwanƙwasa gefen injin da ƙotar sukudireba.

A ranar ya danna maɓalli ke nan aka leƙo ta ƙofa, aka ce kowa ya hallara, Farfesa Lührs shugabarsu ma ta sauko, mai kek kawai ake jira ya yanka. Ƙarar injin daidai take a kunnensa. Minti biyu ne zai tsaya a tagar, bai tsaya ba. Da ya dawo da maiƙo a gashin bakinsa agogon injin ya gama ƙirga, ya ɗauki biro ya rubuta a littafin aiki cewa mayafi ya sauka, nanomita uku, ya sa hannu.

Bayan kwana goma ya buɗe injin don wanki, ya tarar da ƙyaure na biyar a cije, wani ɗan kusa ya kwance ya tokare shi. Ɗari da sha huɗu ne samfurin ƙarshe kafin wankin. Ya ɗaure kusan, ya rufe injin, ya yi gum. Ya ce wa kansa wataƙila bayan an gama ne ya cije. In ma ba haka ba, samfurin zai ba da shirme, ta jefar, a yi wani, ba a yi asarar komai ba sai mako guda. Gaskiyar magana, mutum mai shekara hamsin da takwas wanda ya saba shi ke yi wa yara faɗa ba ya son ya hau sama ya ce kek ya ɗauke masa hankali. Ba wani dalili mai zurfi a ciki, girman kai ne tsurarsa.

Samfurin bai ba da shirme ba. Bayan sati biyu Wiebke ta sauko matakala bibbiyu da takarda a hannu, fuskarta ja kamar ta yi tsere.

"Herr Bruhns, ajiye wannan, zo ka gani. Ka ga nan? Ka ga yadda ya tashi? Sau huɗu na auna, sau huɗu yana nan."

Ya duba. Bai san kan lissafinsu ba, amma ya san murna in ya gan ta, kuma yarinyar nan shekara guda ta yi tana auna layuka a kwance kamar titin jirgi. Ya ji daɗi, har da ajiyar zuciya, don a ganinsa tunda abu ya fito, ashe mayafin ya sauka ke nan. A nan take ya miƙa mata hannu ya ce daga yau ta daina kiran girmamawa na Herr Bruhns, ta kira shi da sunansa, Eilert. A duk ɗaliban da suka wuce ta hannunsa, uku kawai ya taɓa yi wa haka.

Shekara guda ya yi cikin wannan kwanciyar hankali, sai wata baƙuwar masaniya daga birnin Uppsala ta zo yin jawabi. Shi majigi ne ya kai shi ɗakin, ya ƙi aiki aka kira shi, ya gyara ya tsaya a baya ko zai sake tsiyarsa. Matar ta nuna cewa in iska ta ci saman falle ba ta cin sa daidai, wani wuri ya lalace wani ya tsira, sai ya zama maganaɗisu iri biyu a jiki ɗaya. Kowanne ya zana layinsa, layukan su hau kan juna, su haifi tozo, alhali ko 'yar guguwa ɗaya babu a ciki. Ta saka hoton irin wannan tozon ƙarya. Eilert bai san lissafi ba, amma ya san siffa, kuma hoton nan tamkar an kwafo shi daga takardar da Wiebke ta manna a ƙofar ofishinta.

Farfesa Lührs ta ɗaga hannu ta ce wannan bai shafi nasu ba, nasu duk da mayafi suke. "Ga Herr Bruhns can a baya, ki tambaye shi. Shekara ashirin da biyar bai taɓa ba mu samfuri tsirara ba."

Mutane suka juyo suna murmushi. Shi ma ya yi murmushi, har da ɗaga hannu.

Da a ranar ya yi magana, da abin ya zo da sauƙi. Bai yi ba, kuma kowane wata da ya wuce sai maganar ta ƙara nauyi. Wiebke kuwa tana ta neman tozo na biyu, don masu duba aiki sun ce abu ɗaya ba hujja ba ne. Samfuri sittin da uku ta sa ya shimfiɗa mata. Nan ne muguntar abin take: kowane ɗaya sai da ya tsaya a taga ya ga ƙyauren ya kauce, kowanne ya fito da mayafinsa lafiya lau, kowanne kuma babu tozo. Ita ba ta taɓa zargin injin ba, balle shi. Hannunta ta zarga. Ta ce ita ce ba ta iya haɗa wayoyin ba, ta daina shan gahawa wai tana sa mata rawar yatsa, ta sake koyon aikin tun daga farko kamar sabuwar shiga. Sau biyu ya same ta a bayan kabad ɗin samfuri tana share ido da hannun riga.

"Injin ne da halinsa, 'yar nan," ya ce mata duk sau biyun. "Wata rana ya ba ka, wata rana ya hana."

Daga ƙarshe Farfesa ta yanke cewa a rubuta kundin a kan ɗari da sha huɗu, a ce haɗin yana da wuyar maimaitawa. Wani ɗakin bincike a birnin Grenoble ya ga tozon ya ba Wiebke aiki daga Satumba, da sharaɗin ta zo da digirinta.

Ranar da Malte ya sauko, da aka fita cin abincin rana, Eilert ya buɗe kabad ya ɗauko gutsuren. Shekara biyu yana wucewa ta gaban aljihun kabad ɗin da yake ciki bai taɓa ja ba. Ya kai shi bakin taga. Sauran samfuran suna walƙiya kamar madubi, shi wannan ya yi wani dishi-dishi, launin shayin da ya kwana. Duk da haka ya kai shi na'urar awon kauri, wadda ke haska falle ta faɗi hawa nawa ne a jikinsa. Minti arba'in ta ɗauka. Hawa huɗu ta nuna, na saman a cinye. Ya naɗe takardar gida huɗu ya sa a aljihun rigar aiki, ya koma ya ci gaba da lanƙwasa wayar tagulla, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

Ranar Asabar suna lambunsu na bayan layin dogo, Gesa tana ɗaure wake a jikin sanduna, shi yana riƙe mata igiya. Ungozoma ce da ta yi ritaya, ba ta da haƙurin kewaye-kewaye.

"Sau uku ke nan kana miƙo min igiyar da na riga na yanka," in ji ta. "Ko ka faɗi abin da ke cin ka, ko ka je ka zauna."

Ya faɗa mata, tun daga kek har takardar da ke aljihunsa. Ta saurara ba ta daina ɗauri ba.

"Ashe shi ya sa ka ce man shanu ya daina karɓar ka. Ni kuwa ina ta yi maka na tuffa kamar wata sakarya."

"Gesa."

"Kada dai ka ɗora wa kek ɗina. Kek bai riƙe biro ba."

"Ban ɗora masa ba."

"To me kake jira? In je in gaya mata ne?"

"Saura sati uku. Ta riga ta miƙa kundin. Ita da saurayinta sun ba da sanarwar barin gidan haya, shi ya ajiye aikinsa zai bi ta. In na yi shiru, wataƙila ba wanda zai taɓa sani."

"Za a sani mana. A can za ta je ta gina abu a kai ya ƙi tsayuwa, ta sake cewa hannunta ne. Shekara nawa kake so ta ƙara yi tana cewa hannunta ne?" Ta ciji igiyar ta tsinke. "Na taɓa ba wata mata allurar da ba tata ba, ka sani, na gaya maka. Kafin in cire safar hannu na je na faɗa. An yi min wankin babban bargo, ban mutu ba."

"Ke ce ai."

"Ni ce, kai kuma mijina ne, shi ya sa abin ya ba ni kunya."

Ta bar shi da igiya a hannu ta tafi duba tumatir.

Bai faɗa ranar Litinin ba. Ya ga Wiebke a matakala tana gwada jawabinta ita kaɗai, ya gaishe ta ya wuce. Ranar Talata ya sa wa 'yan guguwar ɗan injin agogo, suka juya kamar yadda Malte ya so. Bai taɓa yin hula mai kyan wannan ba, kuma duk lokacin da ya kalle ta sai ya kau da kai.

Ranar Laraba da safe ita ta sauko. Haramun ne ɗalibi ya ga hularsa kafin ranar, kuma ba ɗalibin da bai gwada ba. Ya ji takunta ya yi maza ya jefa tsumma a kai.

"Ba hula na zo gani ba," in ji ta, idonta a kan tsumman. "Sukudireba na zo aro."

"Kuna da uku a sama."

"Malte ya cinye su. Me ke motsi a ƙarƙashin nan? Eilert, abin nan ƙara yake yi. In ka sa min hayaki, wallahi sai na kai ƙararka wurin Gesa."

Tana dariya. Ta ɗan yi ƙiba cikin watan nan, ta koma shan gahawa, ga kofin a hannunta. Ya daɗe bai ga fuskarta a sake haka ba. Ya ji kamar ya ba ta sukudireban ta tafi.

"Rufe ƙofar," ya ce. "Zauna."

Ya ɗauko littafin aiki na shekarar, ya buɗe shafin. Ya ajiye gutsuren a gefe, ya warware takardar awon ya shimfiɗa. Ya yi niyyar ya fara da bayani, amma ba ta buƙaci bayani ba. Ta dubi takardar, ta ƙirga hawan da yatsa, ta sake ƙirgawa. Ta ɗaga gutsuren ta kai wa haske. Ta ajiye kofin a hankali.

"Babu mayafi."

"Babu."

"Amma ga sa hannunka."

"Ban leƙa tagar ba. Ranar haihuwata ce, aka kira ni yankan kek. Ƙyauren ya cije."

Ya ga tana lissafi a ka, ya ga lokacin da ta tuna matar Uppsala, don leɓenta ya motsa.

"To ba ko ɗaya a ciki ke nan," ta ce, kamar da kanta take. "Iska ce kawai." Ta shafa goshi. "Kai, Eilert. Wannan kowa zai iya yi. Gara da ka duba. Me ya sa ka auna shi yanzu?"

Ta buɗe masa hanyar tsira da kanta. Da ya ce hular ce ta sa ya ɗauko gutsuren ya ga launinsa, da gaskiya ya faɗa, kuma da ta tafi tana yi masa godiya. Bai bi wannan hanyar ba.

"Bayan kwana goma na ga ƙyauren a cije. Ranar jawabin matar nan na gane abin da ya faru."

"Jawabin Uppsala?"

"Shi."

"Shekara biyu ke nan."

"Da wata ɗaya."

Ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Sittin da uku," ta ce. "Kai ka shimfiɗa min su. Kana miƙo min kana cewa Allah ya sa a dace. Ka san ba za a dace ba."

"Na sani."

"Na je wurin likita a kan hannuna, ka sani? Na zaci wata cuta ce. Na rubuta takardar barin karatu, tana cikin aljihun teburina har yanzu. Na gaya wa mahaifiyata ban dace da wannan aikin ba, sa'a ce kawai na yi sau ɗaya." Ta ɗaga hannuwanta tana kallon su. "Ashe lafiyarsu ƙalau. Duk sittin da ukun daidai na yi su."

"Daidai kika yi su. Ba ɗalibin da na gani mai tsabtar aikinki."

"Kada ka yabe ni yanzu."

Ƙarƙashin tsumman 'yan guguwar suna ta juyawa, ƙis-ƙis-ƙis, ya rasa yadda zai kai hannu ya kashe.

"In na yi shiru fa?" ta ce can. "Ni da kai kawai muka sani."

"Da Gesa."

"In na yi shiru za ka yi shiru?"

"Kundinki ne. Abin da kika ce shi zan yi."

"Ka ga abin da ka yi min ko? Ka ɗauke shi daga kanka ka ɗora min." Ta miƙe, ta tattara littafin da takardar da gutsuren. "Tashi mu je wurin Farfesa. Kai za ka faɗa, ni zan tsaya a gefe."

Abin da Farfesa Lührs ta ce masa a ofis bai wuce jimla huɗu ba, ba kuma ta ce ya zauna ba. Aka janye kundin, aka rubuta wa mujallar da ta buga tozon, aka rubuta wa Grenoble. Su kuma suka amsa da ladabi cewa ba za su iya riƙe gurbin ba. Ba wanda ya kori Eilert, ba wanda ya zage shi. Ana gaishe shi a matakala kamar kullum, sai dai an daina ɗarewa kan teburinsa. Malte ya sauko sau ɗaya ya karɓi wani ƙarfe, ya kalli tsumman, ya fita.

Juma'ar da ya kamata a yi taron kare kundin, ɗakin jawabi a kulle yake. Wajen ƙarfe uku saura kwata Wiebke ta shigo da 'yar akwatin roba, ta ajiye a kan teburinsa. Sati biyu bai ji muryarta ba.

"Falle biyar ne a nan, Herr Bruhns. Hawa huɗu za ka shimfiɗa wa kowanne, ban da mayafi. Zan bar su a iska, ɗaya kwana biyu, ɗaya biyar, haka dai, in ga yadda tozon ke girma. Farfesa ta ce in ya fito, za a iya rubuta kundi a kan yadda ake gane na ƙarya. Shekara ɗaya, ko ɗaya da rabi."

"To."

"Zan tsaya in ga ka yi na farko."

"To."

Kafin ya taɓa injin ya jawo tsohon littafin, wanda Farfesa ta dawo masa da shi. A littafin aiki ba a yaga shafi, ba a gogewa, wannan ma shi ya koya musu. Ya ɗora rula, ya ja layi ɗaya siriri a kan rubutunsa yadda har yanzu za a iya karanta shi. A gefe ya rubuta cewa mayafi bai sauka ba, ƙyaure ya cije, mai aiki bai duba ba, ya kuma sani tun shekara biyu da wata ɗaya kafin ya faɗa. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya juya mata littafin. Ta karanta har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

Idonta ya kai kan tsumman.

"Hular tana nan?"

"Tana nan. Zan wargaza ta."

"Bar kwalin, ya isa shekara ɗaya da rabi. Ka cire tozon." Ta dubi injin. "Ƙyauren nan na biyar, in ka canza shi kada ka jefar. Shi za a sa a tsakiya, kai kuma za ka ɗauko hular ka kawo min a gaban kowa."

"Zan kawo."

Ya saka fallen farko, ya rufe injin, ya jira iska ta fita. A sama aka fara jan kujeru, ƙamshin gahawa ya sauko ta matakala, wani yana da ranar haihuwa. Ba wanda ya leƙo ta ƙofa. Eilert ya danna maɓalli ya kafa ido a 'yar tagar, ƙyaure na ɗaya ya kauce, na biyu, na uku, na huɗu. Na biyar ba a umarce shi da komai ba, yana nan a rufe, amma ya ci gaba da kallon sa har minti biyun suka cika, Wiebke tana tsaye a bayansa da biro a hannunta.